Yadda Za Ka Dasa BACnet a Kan Ƙaramin Bod Ɗin STM32

Manyan gine-ginen zamani, asibiti ne ko banki ko otal, kan zo da tsarin da ke kula da na'urorin sanyaya ɗaki, injinan tura ruwa da fitilu daga kwamfuta guda. Harshen da waɗannan na'urori suka fi amfani da shi shi ne BACnet, wanda ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE a Amurka ta fitar a 1995 da lamba 135, daga baya ya zama ƙa'idar duniya ta ISO 16484-5. Kwantirololin Siemens, Honeywell, Johnson Controls da Schneider Electric duk suna jin sa.

A nan Sakkwato buƙatar takan taso ne bayan 'yan kwangila sun kwashe kayansu sun tafi. Mai gini yana son ya ga zafin ɗakin ajiyar magani a fuskar kwamfutarsa, ko ya san tankin sama ya cika, ko ya san janareta ne ke ba da wuta ko sola. Abu ɗaya ko biyu kacal ake son aunawa, amma sai a ce a yi odar kwantirola daga waje da dala. Alhali ɗalibin da ya iya yaren C, a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, zai iya haɗa ƙaramin bod mai guntun STM32, wato 'yar ƙaramar kwamfuta a guntu ɗaya, da zai shiga cikin waɗannan manyan na'urori ya yi aiki tare da su.

Ba kai za ka rubuta BACnet ba. Akwai buɗaɗɗiyar manhaja mai suna bacnet-stack, wadda Steve Karg ya assasa da yaren C, ana samun ta a SourceForge da GitHub. Aikinka shi ne ka ba ta abubuwa uku da take nema daga kowane bod: agogo mai ƙirga milisakan, hanyar aika bayit da karɓarsa a kan waya, da wurin ajiyar saituna. Duk wahalar da na sha ganin mutane suna yi da wannan aiki, a kan lokaci take da waya. Ƙa'idar ita kanta ba ta cika ba da matsala ba.

Zaɓen hanya da bod

BACnet na bin hanyoyi da dama, biyu ne suka shafe mu. BACnet/IP na tafiya a kan Ethernet ko Wi-Fi ta UDP, a ƙofa mai lamba 47808. MS/TP kuma na tafiya a kan tagwayen wayoyi na RS-485, kuma shi ake ja wa ƙananan na'urori a cikin silin da ɗakin inji. Na fi son ka fara da MS/TP. Kayansa sun fi araha, layinsa na kaiwa mita 1200, kuma galibi shi za ka tarar an riga an ja a ginin.

Bod ɗin da aka fi sani shi ne Blue Pill mai ɗauke da STM32F103C8, filash kilobayit 64, RAM kilobayit 20. Zai ɗauki na'ura mai abubuwa kaɗan, amma da matsi, kuma jabunsa sun cika kasuwa. Idan aljihu ya yarda, ɗauki Black Pill mai STM32F411CE: filash kilobayit 512, RAM 128. Ka haɗa da ST-Link don zuba manhaja, da guntun RS-485, da adaftar USB zuwa RS-485 ta kwamfuta, da 'yar na'urar duba sigina mai tashoshi takwas. Wannan ta ƙarshen kada ka yi mata rowa, ita ce idonka.

A kula da guntun RS-485. MAX485 da ake yawan sayarwa na bolt 5 ne, STM32 kuwa na bolt 3.3. MAX3485 ko SP3485 su ne daidai da shi.

Shiga cikin manhajar

Sauke bacnet-stack ka duba tsarinta. Jakar src/bacnet ita ce zuciyar, a nan ake ƙulla saƙo da warware shi. A ƙarƙashinta datalink na ɗauke da MS/TP, basic/object na ɗauke da abubuwan da na'ura ke nunawa, basic/service kuma masu amsa buƙatu. Jakar apps na da kayan gwaji na kwamfuta. Wadda ta shafe ka ita ce ports, inda za ka ga stm32f10x da stm32f4xx da na AVR da na Linux.

Kafin ka taɓa bod, gina kayan apps a kwamfutarka ka tabbatar bacwi, bacrp, bacwp da mstpcap suna tashi. Sannan ka kwafi jakar ports mafi kusa da guntunka, ka ba ta sabon suna, duk gyaranka ya tsaya a cikinta. Kada ka sa hannu a src. Ran da aka gyara wani kuskure a manhajar asali, za ka so ka janyo gyaran ba tare da ya rushe maka aiki ba. Sunayen ayyukan da zan ambata kan ɗan sauya daga siga zuwa siga, don haka ka bi abin da ke cikin wadda ka sauke.

Da arm-none-eabi-gcc ko STM32CubeIDE, fara da sa fitilar bod ta riƙa ƙyaftawa. Idan wannan bai yi ba, babu maganar gaba.

Agogo

Saita SysTick, maƙirgin lokaci na cikin guntun, ya riƙa bugawa duk milisakan ɗaya, yana ƙara lamba guda, sannan mstimer_now ta riƙa dawo da wannan lambar. Shi ke nan, amma ka gwada: sa ƙafa ɗaya ta bod ta riƙa juyawa duk milisakan 500 ka auna da na'urar duba sigina. Kuma ka ɗora guntun a kan kiristal na waje, kada ka dogara da agogon RC na ciki. Na cikin an daidaita shi ne a zafin digiri 25, yana karkacewa idan zafi ya hau. Garin da a watan Afrilu ake haura digiri 40 a inuwa, akwatin ƙarfe a ɗakin inji ya fi haka nesa, kuma karkacewar agogo kaɗan ta isa ta fara lalata bayit a kan layi.

RS-485, inda aikin yake

A MS/TP layi ɗaya ne kowa ke amfani da shi, saboda haka akwai wani ɗan saƙo da ake kira tokin da ke zagayawa daga na'ura zuwa na'ura. Kamar zaman fada ne, ba mai buɗe baki sai an ba shi izini, in ya gama kuma ya miƙa wa na gaba. Na'urar da ta yi jinkirin karɓa za a tsallake ta. Wadda ta yi magana ba lokacinta ba kuwa ta ɓata wa kowa.

Ana auna yawancin lokutan ne da tsawon bit. Gudun da ake amfani da su su ne 9600, 19200, 38400, 57600, 76800 da 115200, kuma a gine-gine 38400 da 76800 aka fi gani. A 38400, bit ɗaya maikurosakan 26 ne, bayit ɗaya da bit ɗin farawa da na tsayawa kimanin maikurosakan 260. Ga abin da ƙa'ida ta shimfiɗa. Bayan ka karɓi bayit na ƙarshe, sai ka jira aƙalla tsawon bit 40 kafin ka kunna na'urar aikawarka, wato milisakan ɗaya da ɗoriya a 38400, sama da huɗu a 9600. Bayan ka aika naka na ƙarshe, dole ka saki layin cikin tsawon bit 15. Idan aka miƙo maka tokin, kana da milisakan 15 ka fara amfani da shi. Idan aka yi maka tambaya, amsa ko neman uzuri ya fita cikin milisakan 250. Idan layi ya yi tsit na milisakan 500, an ɗauka tokin ya ɓata, sai a ƙirƙiro sabo.

Fayil ɗin rs485.c ne za ka rubuta da hannunka. Saita UART, sashen guntun da ke aika bayit da karɓarsa, a bit 8, babu fariti, bit ɗin tsayawa ɗaya. Haɗa ƙafafun DE da RE na guntun RS-485, masu sarrafa aikawa da karɓa, wuri guda ka kai su ƙafa ɗaya ta STM32, ka sa rasista mai jan ta ƙasa, domin lokacin da bod ke tashi kada ya danne layin mutane. Idan ka haɗa su haka, ƙafar RX za ta zauna a sake yayin aikawa, sai ka sa mata rasista mai jan ta sama.

Karɓa ta kasance ta hanyar katsewa (interrupt), inda guntun ke dakatar da abin da yake yi ya kula da abin da ya iso: duk bayit da ya iso, a jefa shi cikin ma'ajiyar FIFO a fita nan take. Kada ka yi wani lissafi a wurin. Haka kuma agogon shiru, wanda ke ƙirga tsawon lokacin da layi ya yi ba motsi, a mayar da shi sifili duk lokacin da bayit ya shigo ko ya fita. Dukkan hukuncin MS/TP a kan wannan agogon yake ratayawa. Ka kuma kai rahoton kuskuren UART sama, musamman na cikowa, ka share tutarsa, in ba haka ba karɓa na iya tsayawa cak.

Yanzu ga wurin da gizo ke saƙa. UART na STM32 na da tutoci biyu masu kama da juna, TXE da TC. TXE na nufin gurbin da kake zuba bayit ya zama fanko, za ka iya zuba wani. Ba ya nufin bayit ɗin ya bar waya, yana nan yana fita bit bayan bit. TC ce ke nufin bit na ƙarshe ya fice. Idan ka kashe DE a kan TXE, za ka datse bayit na ƙarshe, kuma bayit na ƙarshe shi ne na tantancewa, wato CRC. A na'urar duba sigina za ka ga abin ƙarara: layin DE ya faɗi alhali layin TX bai gama rawa ba. Kowane firam naka, wato ƙunshin saƙo guda, zai isa da kuskure, sauran na'urori su yi kamar ba ka nan. Saboda haka TXE don zuba na gaba, TC don sakin layi. Iyalan F1 da F4 ba su da DE mai sarrafa kansa, da hannu ake yi. Irin su G0 da L4 suna da shi.

Saurara kafin ka yi magana

Kada ka kai bod gini tukuna. A kan teburinka, haɗa shi da adaftar USB, ka kunna mstpcap, wanda ke ajiye abin da ya ji a fayil ɗin da Wireshark ke buɗewa. Ba bod ɗin adireshi, a ce 5, ka kira dlmstp_init. Bayan rabin sakan na shiru zai fara neman abokai, kuma za ka ga bayit takwas suna maimaituwa a lissafin heks: 55 FF, sai 01, sai 06, sai 05, sai 00 00, sai CRC. Biyun farko gabatarwa ce, 01 shi ne nau'in firam na neman ubangida na gaba, wato na'urar da za a miƙa wa tokin, 06 wanda ake nema, 05 kai ne, sifili biyun tsawon bayanai. Lambar wanda ake nema za ta yi ta hawa, 07, 08, har 7F ta zagayo. Ran da ka ga wannan Wireshark bai yi jan rubutu ba, rabin aikin ya ƙare.

Daga nan kawo na'ura ta biyu ka ga tokin, firam mai nau'i 00, yana kai da komowa tsakaninsu. Idan kwamfuta ce abokiyar gwajin, ta hanyar YABE, manhajar leƙa na'urorin BACnet, ko kayan apps, ka sani adaftar FTDI na zuwa da jinkirin milisakan 16, sai ka rage shi zuwa 1 ko 2 a saitin direba. Da yawa sukan zargi bod ɗinsu alhali adafta ce ke nawa.

Idan ba ka ga komai ba sai shirme, juya wayoyin biyu. Kamfanoni ba su yi ittifaƙi kan wace ce A wace ce B ba, alamar + da − ta fi aminci.

Ba na'urar suna da abubuwan da za ta nuna

Kowace na'urar BACnet na da adireshi iri biyu, kada ka gauraya su. Na MS/TP daga 0 zuwa 127 ne ga masu riƙe tokin, kuma a kan wannan wayar kaɗai yake aiki. Lambar na'ura kuwa daga 0 zuwa 4194302, kuma ba a yarda biyu su yi tarayya a kanta ba a duk faɗin ginin. Haka ma sunan na'urar. Kafin ka zaɓa, tambayi mai kula da tsarin ginin lambobin da ke hannu. Lambar kamfani ASHRAE ke bayarwa kyauta ga wanda ya nema. Manhajar na zuwa da 260, wadda ta aikin bacnet-stack ce, ta isa gwaji, amma in za ka sayar nemi taka.

A main, bayan Device_Init, ka yi rajistar masu amsawa: handler_who_is, handler_read_property, handler_write_property, da handler_unrecognized_service domin na'urar ta ce ba ta iya ba maimakon ta yi gum. Madaukin kansa gajere ne: kira dlmstp_receive, in an sami saƙo a miƙa wa npdu_handler, a leƙa na'urorin aunawa, a koma.

A teburin abubuwa na device.c, cire duk abin da ba ka buƙata. Ɗakin ajiyar magani na buƙatar Analog Input ɗaya na zafi, da Units a kan 62, wato digirin Salsiyos, da Binary Input na ƙofa ko na janareta, da Binary Output na rile. Sa MAX_APDU, wato iyakar girman saƙo, a bayit 480, iyakar da MS/TP na asali ke ɗauka. In RAM ta yi kaɗan akwai 206, 128 da 50, sai dai duk yadda ka rage, haka dogayen amsoshi za su riƙa gagara tunda ba ka rarraba saƙo. Gina da -Os da --gc-sections, ka nisanci printf mai lamba da ɗigo, yana cin filash ba kaɗan ba.

Gwaji: bacwi ya nuno na'urarka. Idan lambarta 1234 ce, `bacrp 1234 0 1 85` zai karanto Present_Value na Analog Input mai lamba 1. Riƙe na'urar aunawar a tafin hannunka ka sake karantawa, ka ga lambar ta hau.

Abu guda game da fitarwa da nake so ka ɗauka da muhimmanci. Binary Output na da matakan fifiko 16, na 1 ya fi ƙarfi kuma na ceton rai ne, na 8 na ma'aikaci ne, na 16 shi ne na ƙasa. Idan duk sun zama fanko sai a koma Relinquish_Default, wato halin da ka tanada wa rile idan babu umarni. Zauna da mai ginin ku yanke abin da ya kamata rile ya yi idan kwamfuta ta mutu. A ɗakin magani a watan Mayu, amsar ita ce sanyi ya ci gaba. Mataki na 6 kuma an keɓe shi ga mafi ƙarancin lokacin kunnawa da kashewa. Idan rile ɗinka na taɓa kwamfireso, sa ya jira minti uku zuwa biyar bayan ya tsaya kafin ya sake tashi, har da lokacin da bod ya farka bayan ɗaukewar wuta.

Kada madauki ya tsaya

Yawancin bod ɗin da ke aiki lafiya a tebur ya riƙa faɗuwa daga layi a gini, jira ne ke kashe shi. Na'urar auna zafi ta DS18B20 na ɗaukar milisakan 750 kafin ta gama awo mai bit 12. In ka tsaya jiranta, an miƙo maka tokin an gaji an wuce, kuma sauran na'urori sun ɓata lokaci suna neman ka. Ba ta umarni ka tafi, ka riƙa duba lokaci da mstimer, in ya yi ka dawo ka karɓi sakamako. Duk HAL_Delay da ke cikin madaukinka, cire shi.

Ajiyar saituna ma haka. Goge shafin filash ɗaya a F103 na cin milisakan 20 zuwa 40, a lokacin kuma guntun ba ya iya karanta umarni daga filash, har katsewar UART sai ta jira. A F411 sassan sun fi girma, gogewar ta fi haka daɗewa sosai. Filash ɗin kuma gogewa 10,000 aka lamunce masa. Sa ƙaramin EEPROM na I2C irin 24C16 ko 24C256, wanda ke rubutunsa shi kaɗai cikin kimanin milisakan 5. A ciki ka ajiye adireshi, gudun layi, lambar na'ura, suna da Max_Master, wato adireshi mafi girma da na'ura za ta nema a layi. Rubuta kwafi biyu kowanne da CRC, domin a wurinmu ɗauke wuta a tsakiyar rubutu ba abin mamaki ba ne, kuma na'urar da ta farka da gurɓataccen adireshi na iya faɗawa kan na wata ta rikita layin duka. Kunna PVD ya hana fara rubutu idan bolt ya soma sauka, ka kunna IWDG ya tayar da bod idan ya sandare. Adireshin MS/TP kuwa, ƙananan makunnai na DIP guda bakwai sun fi komai sauƙi ga mai gyaran da zai zo bayanka ba kwamfuta a hannu.

Kai shi gini

Wutar kwantirola a gine-gine galibi bolt 24 ce ta AC, wadda in an daidaita ta take kaiwa kusan 34. Kada ka sa 7805 a nan: iyakarsa 35, kuma zafin da zai fitar a akwati rufaffe zai dafa bod ɗin. Yi amfani da mai saukar da bolt irin LM2596, da kafasito masu jure digiri 105. Akwatin ya zama mai hana ƙura saboda hunturu, kada kuma a kafa shi a bangon da rana ke duka da la'asar.

Wayar layi ta zama murɗaɗɗiya mai rigar kariya, ta bi na'urori ɗaya bayan ɗaya ba tare da rassa ba. Rasista mai om 120 a ƙarshen nan da ƙarshen can kawai. Ka kashe wuta ka auna tsakanin + da − da mita: kusan om 60 ya kamata ka gani. In ka ga 40, wani ya ƙara na uku. In 120 ne, ɗaya ya ɓace. Rasistocin da ke riƙe layi lokacin shiru, masu om 510, wuri ɗaya ko biyu ake sa su a layi, kuma sau da yawa babbar kwantirola ta riga ta sa, don haka naka su zama masu cirewa. Rigar kariya a haɗa ta da ƙasa a gefe ɗaya tak. Idan layin zai tsallaka daga gini zuwa gini, ko ɓangare ɗaya na kan janareta ɗaya na kan inbata, sayi guntu mai raba wuta irin ADM2587E ka ƙara SM712, mai tare haukan wuta, a bakin wayoyin. Tsawar damina daga Yuni zuwa Satumba ba ta barin guntun da ba shi da kariya.

Kafin ka jona bod, nemi izinin mai kula da tsarin, ka saurari layin da mstpcap na ɗan lokaci. Za ka ga adireshin da ke hannu, da yawan kuskuren da ke akwai tun kafin zuwanka, wanda zai kare ka daga zargi gobe. Zaɓi adireshin da ke biye da na ƙarshe, kada ka yi tsalle zuwa 100, domin kowane gurbi fanko sai an riƙa leƙa shi ana jiran aƙalla milisakan 20. Ka duba Max_Master na na'urar da za ta miƙo maka tokin, wadda adireshinta ke ƙasa da naka: in an saita ta a 10 kai kuma kana 11, har abada ba za ta neme ka ba, sai an ɗaga lambar. Bayan ka jona, sake ɗaukar bayanan layin ka kwatanta da na farko, sannan ka kashe wutar bod ka kunna sau da dama, ka ga kowane karo yana komawa cikin zagayen tokin da kansa. Bar mstpcap yana aiki ya kwana ya wuni, har ya ratsa zafin azahar da sauyin wuta daga layi zuwa janareta, kafin ka ce wa mai gini an gama.